Kaki daga 'ya'yan itace don aikin hannun yara, akwai bishiyar a Kumasi kuwa?

Malamar Aji Huɗu: Assalamu alaikum mutanen gida. Dan Allah ina da tambaya, masu sani ku taimaka. Zangon karatu mai zuwa a darasin aikin hannu ina so yarana su yi kyandir da kalar zane da hannunsu, amma ba da kakin kanti ba, so nake su ga asalin inda abin yake fitowa. Na ga bidiyon wata mata a Amurka ta tara wasu ƙananan 'ya'yan itace masu launin toka ta tafasa su a tukunya sai kaki kore ya taso saman ruwa, da ya huce ta ɗauke shi ta sake narkawa ta tace ta yi kyandir. To mu nan muna da irin wannan bishiyar? ko a kasuwar Kejetia ana samun 'ya'yan? Yaran dai arba'in da ɗoriya ne kuma kun san kuɗin kayan aiki daga aljihunmu yake fita.

Ɗan Tek: Wa alaikumus salam Malama. Abin da kika gani sunansa bayberry, ɗan ƙaramin itace ne da yake fitowa a gabashin Amurka wajen bakin teku. Kakin a bayan fatar ɗan itacen yake, shi ne wannan fari-farin da kika gani, shi ya sa tafasawa kawai take cire shi, zafi ya narkar da shi, kuma bai kai ruwa nauyi ba sai ya taso. Amma fa yana da rowa, sai an tara tuli kafin a samu na kyandir ɗaya. Akwai ɗan'uwansa a Afirka ta Kudu a yankin Kef (Cape), a tudun yashin bakin teku yake yaɗuwa, mutanen can da shi suke yin kyandir da sabulu da man goge daɓe tun da. Mu nan kam babu wanda yake noma shi, kar ki wahalar da kanki zuwa Kejetia.

Kawu Asawase: To ɗana in babu sai a kawo iri a shuka mana. Ƙasar Asante me ka jefa bai fito ba?

Ɗan Tek: Kawu ai matsalar kenan, komai fitowa yake hhh. Bari in ba ku labarin sauran biyun da aka fi sani sai ku gani. A Japan akwai itacen da suke kira haze, 'ya'yansa a tsumagiya suke fitowa, su ba tafasawa kawai suke yi ba, dakawa suke su turara sannan su matse kakin ya fito, ɗanyensa yana da duhu-duhu sai su farfasa shi ƙanana su shanya a rana har ya yi fari. Akwai wani gari Uchiko a tsibirin Shikoku da ya yi arziki da wannan sana'ar a ƙarshen ƙarni na 19, har yau ana yin kyandir ɗin hannu a can, kuma yana cikin man da 'yan kokawar sumo suke gyara gashinsu da shi. Amma itacen dangin kashu ne da mangwaro, ruwansa yana sa fata ta yi ƙuraje da ƙaiƙayi mai tsanani. Duk wanda ya taɓa gasa ƙwallon kashu ruwan ɓawon ya zuba masa a hannu ya san me nake nufi. Na biyun na Sin ne, ƙwallonsa yana da farin kitse a baya da ake yin kyandir da sabulu da shi, amma man cikin ƙwallon ba a ci, guba ne, kuma da aka kai shi kudancin Amurka ya cinye musu daji a Texas da Louisiana da Florida har yanzu yaƙi suke da shi. Mu da muke fama da ciyawar Acheampong da itacen York da ya mamaye wajen Offinso, mu ƙara kawo wani? Kuma iri ba ya shigowa ƙasa haka kawai, sai da takardar hukumar kare tsirrai.

Kawu Asawase: Na janye. Acheampong ɗin nan kaɗai ta ishe mu.

Hajiya Mai Kaɗe: Ni fa ina ta karantawa ina dariya. Kuna ta Japan da Amurka alhali ga kaɗanya Allah ya ba mu. Shi ba ɗan itace ba ne? 'Yata ki zo Aboabo wajen tashar Tamale in ba ki ƙwara gwangwanin awo na olonka ɗaya kyauta saboda yara. Aikin kuwa ba ɓoyayye ba ne, ƙwarar an riga an tafasa an shanya an fasa ɓawon, ke dai ki daka ta ta farfashe, ki soya sama-sama kar ta ƙone don in ta ƙone man baƙi zai yi da ƙauri, ki kai injin niƙa ta zama kamar kunu mai kauri ruwan ƙasa. Daga nan ne aikin yake, a zuba a babban kwano a riƙa bugawa da hannu ana ɗiga ruwa kaɗan kaɗan, ana bugawa ana ɗigawa, hannu zai gaji wlh, can sai ki ga launin ya fara washewa, in kika zuba ruwan sanyi da yawa sai farin kumfa ya taso sama ya rabu da dusar. Shi za a kwashe a wanke a dafa har ruwan ya ƙone a bar shi ya kwanta a tace. Yara arba'in ai kin samu masu bugu, kowa ya sa hannu ya yi nasa.

Malamar Aji Huɗu: Hajiya Allah ya saka da alheri, ya ƙara kasuwa. Wannan kam zan yi. Amma zai tsaya ya zama kyandir? Na ga man kaɗen da nake shafa wa yaro da na lakata yake narkewa a yatsa.

Ɗan Tek: Nan ne gizo yake saƙar Malama. Kaɗe da zafin jikin mutum yake narkewa, shi ya sa ya yi kyau a shafa. Man koko ma haka, wajen digiri 34 ya fara sakin jiki, dalilin da ya sa cakulan yake narkewa a baki. Kakin zuma sai 62 zuwa 64. Na Japan ɗin wajen 50 da 'yan kai, na Amurka da kika gani bai ma kai 50 ba. Mafi tauri cikinsu shi ne carnauba na arewa maso gabashin Brazil, ya wuce 80, amma shi daga ganyen wani irin giginya ake kakkaɓo shi ba daga 'ya'ya ba, shi ne a cikin man goge mota da na takalmi. To ki duba ajinki da rana tsaka a watan Fabrairu ko Maris, a waje ma zafi ya haura 30, ga rufin kwano a kai. In kika yi kyandir da kaɗe zalla kika ajiye a taga, kafin a tashi ya kwanta. A cikin gwangwani zai ci wuta lafiya lau, amma tsayawa da ƙafarsa kam a'a, kala kuwa takarda kawai zai yi wa maiƙo.

Hajiya Mai Kaɗe: Kai yaron nan, kakanninmu da me suke kunna fitila kafin kananzir? Kaɗe ne a ɗan kasko da lagwanin auduga.

Ɗan Tek: A kasko fa Mama, ai kin faɗa da bakinki. Ni ma abin da na ce kenan, sai da mazubi.

Oga Direba: Salam. Ni ban yi boko mai zurfi ba amma ina bin hanyar yamma, Tarkwa, Axim har Elubo. Akwai itacen da suke kira sonkyi a dajin can, ɗansa babba ne dogo ruwan ƙasa yana reto, in ya nuna da kansa yake faɗowa ya fashe, ciki ƙwallaye ne da yawa. Gafiya da beguwa suna son shi sosai, maharba ma da shi suke ɗana tarko, in ba ka yi sammako ba sai dai ka tarar da ɓawo. Man da ake cirewa fari ne kuma ya fi kaɗe tauri, na ga an ajiye shi a kwano da rana bai zube ba. Ko shi zai yi?

Ɗan Tek: Oga wannan ka kawo magana. Allanblackia kenan a littafi. Wajen rabin mansa sinadarin stearic ne, shi ne yake ba shi taurin, kuma shi wannan sinadarin ne asalin kyandir ɗin zamani, wani Bafaranshe Chevreul shi ya raba shi daga kitse har suka yi rajistar yin kyandir da shi a 1825. Unilever sun sa man sonkyi a bota, kuma cibiyar binciken daji ta FORIG da ke Fumesua nan kusa da mu sun yi aiki a kan yadda za a noma shi don irinsa yana daɗewa sosai kafin ya tsiro, ga shi akwai mace akwai namiji, macen ce kawai take 'ya'ya. Cikin abin da muke da shi a Ghana shi ne ya fi kusa da abin da Malama take nema. Amma shi ma a ƙwallo man yake, sai an shanya an daka an matse ko an dafa irin na kaɗe, ba zai taso daga fata ba irin na bidiyon.

Maman Biyu: Ku yi haƙuri zan ɓata muku hira. Ni uwa ce, nawa biyu suna aji uku. Yara arba'in, murhun gawayi na kolpot, narkakken mai, malama ɗaya. Wa zai riƙe wa? Kala kwali ɗaya nawa take a kanti da za a sa yaro ya ƙone saboda ita? Kuma in aka koya musu dafa 'ya'yan itace, gobe su koma gida su tsinko na bini da zugu ko zurma a bayan gida su ce za su gwada, waɗannan fa guba ne, yaro ya tauna kaɗan sai amai da gudawa sai asibiti.

Kawu Asawase: Maganar bini da zugu gaskiya ce 'yata. Muna yara mukan ɓare ƙwallonsa mu jera a tsinke mu kunna, yana ci ɗaya bayan ɗaya, haskenmu kenan a dandali. Amma an sha ɗaukar yaro ranga-ranga don ƙwallon yana da garɗi a baki. Wannan kar ma a ambace shi a aji sai dai don a hana.

Malamar Aji Huɗu: Maman Biyu wlh tsoronki nawa ne. Amma maganar kanti ban yarda ba. Tun da aka canza manhaja a 2019 ake ce mana yaro ya yi da hannunsa da abin da ke kewaye da shi, mu kuwa sai mu rubuta a allo su kwafa su haddace su manta. Na tambayi ajina daga ina kyandir yake fitowa, duk suka ce daga kiyos, ɗaya ya ce daga dumso, wato ɗauke wutar lantarki. Ba wanda ya san na kanti daga ɗanyen man fetur ake tace shi. Ba arha nake nema ba, na san na kanti ya fi arha. Wuta kuwa yaro ba zai je kusa ba, su nasu daka da bugu da haɗa launi da shirya mazubi, narkawa da zubawa ni ce da wata babba a waje.

Maman Biyu: In haka ne da sauƙi. Amma a rubuto wa iyaye takarda tukun, akwai yaran da fatarsu ba ta son wasu abubuwa. Kuma ranar ni zan zo in tsaya, ba don ban yarda da ke ba Malama.

Anti Mai Batik: Sai yanzu na ga saƙonnin, ina wajen rini. Ni kullum da narkakken kaki nake kwana nake tashi to ku saurara. Kar ki ɗora tukunyar kaki kai tsaye a wuta. Ruwa a babbar tukunya, gwangwanin kakin a cikin ruwan, ruwan ba zai wuce 100 ba to kakin ma ba zai wuce ba. In kika ga yana hayaƙi ya yi zafi da yawa sauke. In ya kama wuta, Allah ya kiyaye, KAR a zuba ruwa, tashi zai yi ya watsu, murfi za a kifa a kai, ki ajiye yashi a bokiti kusa. Kuma ki nemi tukunyar silba, ta baƙin ƙarfe tana sa kakin zuma ya yi duhu.
Sai maganar tauri. Abin da zai tsayar miki da kaɗen nan kakin zuma ne ba wani abu ba. Ni da nake yi wa 'ya'yana, kashi biyu kakin zuma kashi ɗaya kaɗe nake sawa ga kyandir, in na kala ne ina gurza farin sabulun sanda in zuba a ciki ya narke tare, yana sa ta yi santsi a takarda ba ta danƙo. Kuma ga wani abu, in abin da kike so yara su gani shi ne kaki yana tasowa saman ruwa, nemi saƙar zuma da aka matse, masu zuma na wajen Nkoranza da Techiman da yawansu zubarwa suke. Ki tafasa a ruwa ki tace da buhu ki bari ya kwana, da safe za ki tarar da faifan kaki rawaya a sama, dattin a ƙasansa sai ki kankare da wuƙa. Daidai abin da matar bidiyon ta yi, tushen ne kawai ya bambanta.

Hajiya Mai Kaɗe: A kula da na kasuwa dai, wasu haɗawa suke da farin kyandir su sa masa launi. Na gaske in ka shinshina za ka ji zuma, in ka karya cikinsa gari-gari ne ba ya sheƙi.

Malamar Aji Huɗu: Anti na gode sosai. Launi fa? na yi tunanin sobolo, wato zoɓo, don ja, da karan dafin da ake sa wa wake da shinkafa.

Anti Mai Batik: Sobolo ba zai yi ba ƙanwata. Launinsa a ruwa yake fita, ruwa da kaki kuwa ba sa ga maciji, za ki ga jan ya taru a ƙasan gwangwani ɗigo-ɗigo kakin yana sama fari abinsa, in ma akwai ruwa a cikin kyandir tartsatsi zai riƙa yi. Karan dafin ma in kika jiƙa a ruwa haka zai miki. Busasshen gari mai laushi za ki nema. Kurkum yana ba da rawaya mai kyau don shi yana narkewa a mai, sai dai rana tana cinye shi a hankali. Gawayi a daka a tankaɗe da tsohon ɗankwali, baƙi kenan. Jar ƙasa a jiƙa a tace a bar ta ta kwanta a shanya a niƙa, ja mai duhu. Bulan wanki shuɗi, ki haɗa shi da kurkum ki samu kore-kore. Shile kaɗan, farar ƙasar nan, yana ba kalar jiki ta kama takarda. Ki riƙa juyawa har ya fara kauri kafin ki zuba in ba haka ba garin zai zauna a ƙasa, kan kalar ya yi rubutu gindin ya ƙi. Amma wannan duk na kala ne, a kyandir kar ki cika gari, yana toshe lagwani wutar ta mutu. Mazubi kuwa kar ki sayi komai, sandar ganyen gwanda ai rami ne da ita, a yanka tsawon yatsa a toshe ƙasan da laka a kafa a yashi, in ya daskare a tsaga a ciro. Kyandir kuma gora ko gwangwanin tumatir.

Kawu Asawase: Kun manta manja. Shi ma ai daga ɗan itace yake, kuma ba daga ƙwallo ba, daga naman. Turawa jirgi-jirgi suka riƙa kwasarsa daga gaɓar tekun nan a ƙarni na 19, kamfanin Price's na Landan da shi suke yin kyandir. Ku duba kwalbar manja in ta kwana biyu a ajiye, saman ruwa-ruwa ne ja, ƙasan mai kauri. To wannan na ƙasan fa ɗana?

Ɗan Tek: Shi ne ɓangaren mai tauri Kawu, masana'anta ma haka suke raba shi, su sanyaya su tace. Malama za ta iya sa yara su dafa kwakwar manja su kirɓa a turmi su wanke su kwashe man, a bar shi ya kwanta a tace da ƙyalle. Wannan ma ya fi kaɗe saurin gamawa kuma kwakwa tana ko'ina a Kumasi. Sai dai na gida ba zai kai taurin na masana'anta ba, shi ma sai an tallafa masa da kakin zuma, kuma kayan makaranta za su sha ja, iyaye za su yi magana.

Maman Biyu: Za mu yi kuwa. Su zo da tsohuwar riga.

Anti Mai Batik: Wani abu kuma Malama, in kin samu kakin zuma kar ki ƙarar da shi duka a kyandir. Ki bar wani su mulmula da hannu, in ya ɗan sha rana yana laushi, su yi tsuntsu su yi kifi. Maƙeran tagulla na Krofofrom da haka suke fara aikinsu, su siffanta abu da kaki su shafe shi da ruwan gawayi da laka su rufe da yumɓu, in aka gasa kakin ya tsiyaye ya bar gurbinsa sai tagulla ta shiga. Ma'aunan zinariyar Asante na da duk haka aka yi su. Ba nisa, motar haya ta torotoro ɗaya ta kwashe aji in hedimasta ya yarda.

Malamar Aji Huɗu: To ga yadda zan tsara, mako na farko kwakwa da ƙwara, su daka su buga su ga mai ya fito. Na biyu saƙar zuma. Na uku mu jera kaɗe da manja da kakin zuma da na kanti a faranti a rana su zauna su rubuta wanne ya fara narkewa, sannan mu haɗa mu zuba. Oga Direba in ka samo mana sonkyi ko ɗaya ne su gan shi da idonsu.

Oga Direba: Sai lokacinsa Malama, ba kullum yake faɗowa ba, zan tambayi mutanena na can. In ɗan bai samu ba zan nemo man ko rabin kwalba ne. Amma wani ya tare ni a tasha don ba na shiga Aboabo da babbar mota.

Ɗan Tek: Ni zan karɓa Oga, ka kira ni in ka wuce Obuasi. Malama zan kawo miki ma'aunin zafi na aro amma a dawo min da shi da rai dan Allah.

Hajiya Mai Kaɗe: Ƙwara tana nan amma turmi da kwano ki nemi naki 'yata, nawa na sana'a ne ba a sa musu manja. Kuma ki zo kafin azahar ranar Asabar, bayan nan ina gidan suna a Sawaba.